Baƙin Ƙyalle a Kan Amya

Da hantsin wata Laraba aka tsamo gawar tsoho Jerome daga tafkin wankin tumaki, kuma kafin azahar ƙauyen ya gama yanke hukunci cewa Faizal ne ya kashe shi. Ni ban ji ba sai washegari, da matarsa Haleema ta faɗo gidanmu a garin Manassas na Amurka ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba.

"Anti Furera, sun kama shi," ta ce, tana riƙe da ƙofar kicin kamar za ta faɗi. "Lauya ya ce in abin ya zauna, rai da rai ne."

Faizal ɗan Zangon Kumasi ne, aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu. Ya daɗe a gidan Jerome da matarsa Edna, yana yi wa tsohon wanka, yana ba shi abinci a baki, yana tare shi idan ciwon mantuwa ya tashi ya ce zai fita. Duk mun san gidan, don a gonarsu muke sayen ragon layya. A Sallar da ta wuce ma, ta 2013, Faizal ne ya feɗe wa rabin mutanenmu raguna. Amma da labari ya iso masallaci, waɗannan mutanen ne suka fara cewa ai mutanen Gana da asiri sai a hankali. Na ji haushi har na kasa cin abinci.

Lauyan da Haleema ta samo, Barista Chuwang, ɗan Jos ne, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana nesa ba kusa ba. Ya zo da yamma ya zauna da mu.

"Abu biyu ne a kansa," ya ce. "Shi ke kulle ƙofa, kuma shi ya tsamo gawar, shatin yatsunsa na jikin hannun tsohon. Wannan zan iya karewa. Ƙyallen ne matsala."

"Wane ƙyalle?" na tambaya.

"Akwai maƙwabciyarsu, Irene. Ta wuce a kan doki da sassafe, tun kafin kowa ya san tsohon ya ɓata, ta ga an ɗaura baƙin ƙyalle a kan kowane akwatin zuma na bayan gidan. Ta taɓa zama a Akara. Ta gaya wa 'yan sanda da baƙin ƙyalle mutanen Gana ke makoki. To wanda ya ɗaura ya riga ya san an mutu."

"Wannan ai ba namu ba ne!" Haleema ta fashe. "Mu a Zango wa ya taɓa ɗaura baƙi? Farin likkafani, addu'a, shi ke nan."

Mijina Dabo na zaune tare da mu. Yanzu safiyo ne mai awon filaye, amma kafin ya zo Amurka karatu ya yi aiki a dajin Falgore yana bin sawun masu farautar sata, sana'ar da ya gada wurin kakansa. Mutum ne da zai kalli kafet ya gaya maka wanda ya shiga falo, amma har yau bai taɓa sanin inda ya ajiye makullin motarsa ba.

"Barista," ya ce, "an yi ruwan sama a can tun ranar?"

"A'a."

"To mu je, tun ƙasa ba ta manta ba."

* * *

Ƙauyen yana da suna a allon bakin hanya, amma mu Ingila Ƙarama muke ce masa. An ce Turawan Ingila ne suka kafa shi tun zamanin da, kuma har yau bai yarda ya zama Amurka ba. Da ka bar babban titi sai hanya ta tsuke ta nutse tsakanin shinge biyu na ƙaya, masu tsayin da ba ka ganin abin da ke bayansu. Inda shinge ya ƙare katangar dutse ke ɗauka, an jera ta ba siminti, gansakuka ta rufe ta. Akwai coci mai hasumiya a tsakiya, kaburbura sun kewaye ta, duwatsunsu duk sun karkace. Na sha zuwa da rana tsaka cikin hayaniyar masu sayen rago, ban taɓa ganinsa da safe cikin hazo ba. Tumaki na tsaye a fili suna bin motarmu da kallo, ko ɗaya bai yi kuka ba. Labule na motsi a tagogi, amma ba mu ga mutum ba har muka isa.

Edna ce ta buɗe mana da kanta, 'yar ƙaramar tsohuwa, gashi fari fat, bayanta a miƙe. Ta gane mu.

"Masu son rago mai ƙaho," ta ce da Turancinta na can Ingila. "Ku shigo, shayi ya tafasa."

A zaure na ga sandar tsohon mai kan ƙaho a jingine inda take zama kullum, sai zuciyata ta karye. Ba a ganin tsohon ba tare da ita ba. A kicin kuwa ɗansu Colin na zaune, ɗan siririn mutum mai ido ja, wanda ya kwana a gidan ranar da abin ya faru. Chuwang ya yi bayanin zuwanmu, Colin ya ɗaure fuska.

"'Yan sanda sun gama duba komai."

"Bar su su duba," Edna ta ce. "Ƙasa ce kawai."

Na yi mata ta'aziyya, na tambaye ta ko ta yarda Faizal zai iya.

"Faizal yaro ne mai kirki," ta ce, tana zuba min madara. "Kin san daga wani ƙauye muka zo ni da Jerome, a yammacin Ingila. Da muka ga wannan wuri ya ce min, Edna, ga gida an kawo mana. Coci iri ɗaya, shinge iri ɗaya, har warin tumakin. Abu ɗaya ne ya bambanta. A can, in ka bi hanyar da ta gangara bayan coci, mashigi za ka tarar, ruwa iya idon sawu, gidan mahaifiyarsa na tsallake. Nan kuwa tafki ne."

Ta faɗi haka tana murmushi. Ban san dalili ba, na kasa shan shayin.

* * *

Bakin tafkin ya zama kamar an ci kasuwa a kansa. Takalman 'yan sanda, tayoyin motar asibiti, duk sun dame lakar. Ruwan baƙi ne, ba ya motsi, hazo na kwance a kansa. Dabo ya zagaya har ya isa ɗaya gefen, inda ya tsuguna.

"Doki," ya ce. "Ya tsaya nan ya daɗe, ga inda ya yi ta canza ƙafa. Mai shi ya sauka."

Muka bi sawun dokin ta cikin ciyawa har ƙofar bargar Irene. Doguwar mace ce mai muryar maza, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Na faɗa wa 'yan sanda abin da na gani."

"Kin gaya musu kin sauka a bakin tafki?" Dabo ya tambaya a hankali.

Fuskarta ta yi ja. Ni kuwa a raina na ce an zo wurin. Chuwang ya riga ya gaya mana ita da Jerome ba sa ga maciji, saboda ƙudan zumarsa sun taɓa harbin dokinta har ya kusa mutuwa.

"Na sauka," ta ce. "Na ji kamar wani yana kira a cikin hazo. Muryar tsoho, yana cewa mama. Na tsaya ina saurare, sai shiru. Na ɗauka tunkiya ce." Ta kawar da kai. "Da na zagaya ɗaya gefen wataƙila da yana raye. Shi ya sa ban faɗa ba."

Da muka fito na ce wa Dabo ƙarya take yi. Ya girgiza kai.

"Sawunta bai wuce inda ta tsaya ba, Maman Zahra. Daga doki zuwa bakin ruwa, ta koma. Bakinta ne ba kyau, ƙafarta ba ta yi laifi ba."

Na so a ce ita ce, wallahi na so. Ita ce ta jefa Faizal cikin wannan hali da ɗan zaman da ta yi a Akara tana leƙen jana'izar mutane ta tagar mota.

* * *

Dabo ya sa Haleema ta tambayi Faizal, in ya bugo daga gidan yari, wa ya gani da ya fito daga ɗaki ranar. Muna cikin mota muna cin burodi ta kira ni.

"Ya ce bayan asuba barci ya ɗauke shi. Da ya sauko, shi kaɗai ya gani a kicin, yana wanke takalmi a famfo."

"Wa?"

"Baturen gidan mana. Anti, sai anjima, ana kirana wurin aiki."

Baturen gidan. Jerome na cikin tafki a lokacin, saura Colin. Kuma Chuwang ya ji a ƙauye cewa daren da ya kwana an yi ta ɗaga murya a gidan, don ya zo ne ya ɗauke uban ya kai shi gidan kula da tsofaffi. Na tafa hannu na ce magana ta ƙare.

Dabo ya buɗe ƙofar mota. Ya fita ya nufi hanyar da ta gangara bayan coci, wadda 'yan sanda ba su bi ba saboda mota ba ta shiga. Rami ce mai zurfi tsakanin shinge, rassan bishiyoyi sun haɗe ta sama, ko da rana duhu ne a ciki. Ganyen kaka ya rufe ƙasa. Ya durƙusa yana ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ni ina bayansa ina waige, don na rantse ana bin mu ta bayan shingen. Tumaki ne, suna tafiya in mun tafi, suna tsayawa in mun tsaya.

"Duba nan," ya ce. "Mutum biyu sun gangara. Wannan mai jan ƙafa tsohon ne, ga ramin sandarsa a dama. Wannan ƙaramin takalmin roba yana hagunsa, kafaɗa da kafaɗa. Ba a ja shi ba, ba a tura shi ba. Rakiya aka yi masa."

"Colin ƙaramar ƙafa gare shi, na lura."

"Ga dawowa kuma. Ƙaramin takalmin shi kaɗai." Ya nuna wani ɗan rami a gefe. "Amma sandar ta dawo tare da shi."

Na tuna sandar da na gani a zaure.

Sawun ya kai mu bayan gidan, inda akwatunan zuma ke jere a gindin katanga. An kwashe ƙyallayen an kai ofishin 'yan sanda, amma a bayyane yake da gaggawa aka fizge su, daga baya, don tsoron harbi. Gaban akwatunan ba wanda ya taka. Ƙudan na gunji ƙasa-ƙasa a ciki, ana jin sa har a ƙirji. Dabo ya bi su a hankali, yana duba ƙasa, yana shafa murfin kowanne.

"Ya tsaya gaban kowace amya, ya haɗe ƙafa, ya sunkuyo," ya ce. "Kuma ga tabo uku-uku a jikin katakon, sababbi, da wani ƙarfe mai haƙori. Wannan mutumin ƙwanƙwasawa ya yi, Maman Zahra. Kamar mai sallama a ƙofar gidan mutane."

"Sallama da ƙudan zuma? Don me?"

"Ban sani ba. Ni abin da aka yi nake gani, ba dalili ba."

* * *

Washegari Haleema ta zo da safe, ina haɗa mata koko tana ta zagin Irene.

"Wannan Baturen mai doki, shi ya jawo mana duk wannan. Allah ya isa tsakanina da shi."

Ludayi ya tsaya a hannuna. Shekara nawa ina tsokanar Haleema a kan Hausarsu ta Zango da ba ta raba mace da namiji, ko ni takan ce min "shi" a gaban idona, mu yi dariya. Amma da abin ya zo inda ake buƙatarsa sai kunnena na Bakanuwa ya ji abin da ya saba ji.

"Haleema, Baturen gidan da Faizal ya gani yana wanke takalmi. Wa kike nufi?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta sunanta.

"Maa Edna mana. Shi ke tashi da wuri kullum."

Na juya na ga Dabo tsaye a ƙofar kicin. Bai yi mamaki ba.

"Takun gajere ne, na tsohon mutum," ya ce. "Tun jiya ƙasa ke gaya min, ni ne ban so ji ba."

* * *

Chuwang ya sha fama kafin jami'in da ke binciken ya yarda ya zo ya ga sawun da idonsa. Dogon mutum ne mara magana. Ya bi Dabo cikin ramin hanyar nan, ya ɗauki hotuna, ya fito yana goge gwiwa, sannan ya ce a tara kowa a kicin. Irene ta zo da bulalar dokinta a hannu. Colin ya tsaya jikin taga. Haleema na gefena. Edna ta ɗora butar shayi a wuta, ta jera kofuna, har da ɗaya a gaban kujerar da ba kowa.

Dabo ya yi bayani da Turancinsa mai sanyi, bai kalli kowa ba. Ya ce Irene ta tsaya a ɗaya gefen tafkin ta koma. Ya ce takalmin Faizal babba ne, kuma a fili kawai ya same shi, a guje, ya nufi tafkin. Ya ce mutum biyu sun gangara ta bayan coci, ɗaya ya dawo da sandar.

"Kowa na iya sa ƙaramin takalmi," Irene ta ce, tana kallon Colin.

"Me kike nufi?" Colin ya taso. "Ubana ne! Na zo in kai shi inda za a kula da shi, shi ne laifina?"

"Akwai abin da ban gane ba," Dabo ya ci gaba kamar bai ji su ba. "Wanda ya ɗaura ƙyallen bai ɗaura kawai ya wuce ba. Ya tsaya gaban kowane akwati ya ƙwanƙwasa sau uku, ina jin da makulli, ya sunkuya kamar zai yi raɗa. Na tambayi matar Faizal, ba su da wannan a Kumasi. Mu ma ba mu da shi a Kano. Ko akwai wanda ya san ta wace ƙasa ce?"

Butar ta fara ƙara a kan wuta. Ina kallon Colin, sai na ga jinin fuskarsa ya janye, ya dafa bangon taga.

"Ina ƙarami," ya ce, da kyar ake jin sa, "aka bugo daga Ingila kakata ta rasu. Na ga an fita da makullin ƙofar gaba da baƙin zane..." Ya juya a hankali. "Mama?"

Edna ta sauke butar, ta zuba wa jami'in shayi tukuna, sannan ta zauna.

"Dole a gaya musu," ta ce. "A garinmu in mai gida ya mutu, kafin limamin coci, kafin dangi, zuma ake fara gaya wa. A ƙwanƙwasa da makullin gida, a faɗi sunansa, a sa musu baƙi su ma su yi makoki. In ba a gaya musu ba sai su yi fushi su tashi su bar gidan. Na yi niyyar in jira a same shi tukuna. Amma ina wucewa na ji suna gunji, na ga ai bai kamata su ji a bakin wani ba."

Chuwang ya ce mata tana da damar yin shiru har ta sami lauya, jami'in ma ya faɗi nasa. Ta ɗaga musu hannu kamar masu damunta da surutu.

"Kullum da safe sai ya ce min, Edna, kai ni gida, mama na jira. Kullum in ce gobe. To ranar nan Colin zai kai shi wani bene kusa da babban titi, ba tumaki, ba coci, ba wanda ya san sunan mahaifiyarsa. Na ɗauko makulli a aljihun rigar Faizal yana barci. Muka gangara kamar yadda muke yi muna samari. Da muka isa hazo ya rufe ruwan, ba a ganin tsallake. Ya ce, mashigin ne? Na ce shi ne. Ya miƙo min sandar, ya ce ba ya buƙatarta, ruwan iya idon sawu ne."

Irene ta rufe bakinta da hannu. Colin ya zame ya zauna a ƙasa.

"Na tsaya har ruwan ya kwanta," Edna ta ce. "Bai daɗe ba."

Ni tausayi ya fara kama ni, ban ɓoye ba. Sai Haleema ta miƙe, ta yi magana da Turanci don tsohuwar ta ji.

"Mijina fa? Yana ce miki Maa. Kina nan suka tafi da shi."

Karo na farko ke nan da na ga idon Edna ya kauce.

"Na ɗauka za su gane ba shi ba ne," ta ce. "Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Tausayin nan ya fita daga raina bai dawo ba.

* * *

Sai da aka ƙara 'yan kwanaki ana kai da kawowa kafin a saki Faizal. Mu muka je ɗauko shi, ni da Dabo da Haleema, da yamma ana iska mai sanyi. Ya fito ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana rungume da wata rigar sanyi mai kauri, bai sa ta ba. Haleema ta riƙe shi tana kuka, shi kuwa ya gaishe da Dabo har ƙasa.

A mota Dabo ya ba shi labari tiryan-tiryan, ni ina cike inda ya tsallake. Faizal na saurare, kansa a jingine da gilashi. Da aka zo kan sandar ya rufe ido. Na zaci zai yi fushi, ko ya yi Allah ya isa, har na shirya taya shi.

"Ruwan da sanyi sosai," ya ce. "Baba ba ya son ruwan sanyi. Sai na taɓa da gwiwar hannu kafin in zuba masa."

Muka hau babban titi. Na ga yana karkarwa, na ce ya sa rigar mana, ga ta a cinyarsa. Ya kalle ta, ya shafa wuyanta.

"Anti, ranar da suka sa min ankwa, har mun kai ƙofa Maa ya ce su tsaya. Ya hau sama da kansa ya ɗauko min wannan. Ya ɗora min a kafaɗa, ya gyara min wuya, ya ce in kula, waje akwai sanyi."

Ya naɗe rigar a hankali ya ajiye ta a ƙasan mota, kusa da ƙafarsa. Dabo ya miƙa hannu ya ƙara zafin hita.